Tambaya da Amsa: Wai shin ina ne gidan idirojen a tablon Mandeliyef?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wasiƙu sun zo da yawa wannan karon amma biyu na ɗauka, don kuwa dukansu a kan abu guda suke magana, wato sinadarin idirojen, ko da yake masu su ba su san juna ba. Tablon Mandeliyef kuwa shine jadawalin da aka jera dukkan sinadarai a ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni ɗiyarka ce, ɗaliba a ajin sagond daga unguwar Bagalam nan cikin Maraɗi. Dan Allah wani abu ne ya ɗaure mini kai. A tablon Mandeliyef da ke bayan littafinmu an sa idirojen a can saman layin farko bisa kan litiyom da sodiyom da potasiyom, to ranar dabuwar aka ce mu lissafo ƙarafan layin farko sai na sa har da shi, mushe ya ja mini jan bik ya rage mini maki ya ce idirojen ba ƙarfe ba ne. Na ce toh mi ya kai shi can? ya ce haka aka sa shi. Da na koma gida yayana da ke karatu a jami'a ya nuna mini wani tablon a wayarshi, shi kuma an ɗauke idirojen ɗin an aje shi shi kaɗai a tsakiya daga sama, kuma ya ce wai akwai masu cewa wajen su kulor ya kamata ya zauna. Ƙawata ta ce agola ne ba shi da gidan uba. Ni dai wallahi na rikice, wanne ne gaskiya, kuma in an tambaye mu a jarabawa mi za mu rubuta?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, lafiya lau, Allah shi yi miki albarka. Bari in fara da abin da zai ɗan sosa miki rai: mushenku yana da gaskiya, idirojen ba ƙarfe ba ne, makin nan kuma ya tafi. Amma amsar da ya ba ki ta biyu ita ce ban gamsu da ita ba, don "haka aka sa shi" ba amsa ba ce ga yarinyar da ta lura da abin da kika lura da shi. Tambayar nan taki manyan masana kimiyya sun fi shekara 150 suna juya ta kuma har gobe ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Abu biyu ne a tablon nan kuma kada ki haɗa su. Akwai lamba, akwai gida. Lamba ita ce yawan furoton, wasu ƴan ƙwayoyi da ke cikin cibiyar kowane atom wato ƙwayar zarra ta sinadari, da ita ake jera su ɗaya bayan ɗaya tun daga 1 har 118, kuma tun aikin da wani saurayi ɗan Ingila mai suna Henry Moseley ya yi a 1913 aka tabbatar da wannan jerin. A nan babu gardama ko kaɗan, idirojen furoton ɗaya gare shi, shine na 1, ba mai ƙwace mishi wannan. Gardamar a kan gida take, wato layin tsaye, wanda a lakwal kuke ce ma kolon. Kowane layin tsaye kamar gida ne na ƴan uwa masu hali iri ɗaya, in kin san halin ɗaya kin kusa sanin na sauran.

To mi ke sa halinsu ya zo ɗaya? Ki ɗauki albasa ki duba yadda take ɓawo bisa ɓawo, haka elektoron suke zagaye da cibiyar atom, kuma waɗanda ke ɓawon waje su ne ke hulɗa da maƙwabta, su ke bayarwa su ke karɓa. Litiyom yana da guda ɗaya a waje, sodiyom ɗaya, potasiyom ɗaya. Idirojen shi ma ɗaya, dama shi ke nan abin da ya mallaka. Wannan ne ya kai shi saman layin farko. Kuma in kin duba yadda suke haɗuwa da wasu za ki ga kamar dai ƴan gida ɗaya ne, gishirin da muke ci NaCl ne, sodiyom ɗaya kulor ɗaya, ga kuma HCl, idirojen ɗaya kulor ɗaya. Ruwa H2O ne, sodiyom da oksijen kuma Na2O. Lissafin ya tafi daidai.

Sai dai lissafi daban, hali daban. Mutanen layin farko ni ina kiransu gidan kanwa da toka, don sodiyom shine a cikin kanwar da iyayenku ke sawa a wake da kunu, harafinshi ma Na daga sunan kanwa na da can wato natron ya samo asali, potasiyom kuma shine a ruwan toka, kalmar alkali da ake kiransu da ita daga Larabci take kuma tokar tsirrai take nufi. In aka tace sodiyom shi kaɗai ƙarfe ne fari mai sheƙi, ga laushi har da wuƙa ake yanka shi, yana narkewa a digiri 98, kuma a cikin kananzir ake ɓoye shi don in ya taɓa ruwa sai ya hau gudu bisa ruwan yana tafasa yana fidda iska, wani lokacin har da wuta. Kin san wace iska ce take fita? Idirojen ce. Shi kuwa idirojen iska ne marar launi marar wari, ba ya ɗaukar lantarki, ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi ya kai wajen digiri 253 ƙasa da sifili. Ina kamar take a nan?

Ga kuma wani abin da ya fi wannan zurfi. Ƴan gidan kanwa hannunsu a sake yake, elektoron ɗin nan nasu na waje ba su riƙe shi da ƙarfi ba. Kafin a raba sodiyom da nashi ana buƙatar ƙarfi kilojul 496 a kowane mol, litiyom 520, potasiyom 419 (kilojul ma'aunin ƙarfi ne, mol kuma ma'aunin yawan atom). Idirojen fa? 1312. Ya ninka na sodiyom fiye da sau biyu da rabi. Dalili kuwa shi sodiyom elektoron ɗinshi na waje yana can nesa, akwai wasu guda 10 da suka shiga tsakaninshi da cibiya suka kare shi, shi kuwa na idirojen ba kowa a tsakani, ido da ido suke da furoton. Sannan in sodiyom ya ba da ɗayan nan akwai sauran 10 a jikinshi, yana nan da rigarshi. Idirojen in ya bayar ba abin da ya rage sai furoton tsirara, ɗan mitsitsi wanda ya fi atom ƙanƙanta sau dubbai, shi ya sa ba ya iya zama shi kaɗai a cikin ruwa, nan take yake maƙalewa jikin ƙwayar ruwa ya zama H3O+ ɗin da za ki yi ta gani a darasin asid. Tsamin da kike ji a tsamiya da lemun tsami da nono mai tsami duk aikinshi ne. Babu wani ɗan gidan kanwa da ke yin haka.

Yanzu maganar yayanki. Ba ƙirƙira ya yi ba. Layi na 17 shine gidan su fuliyor da kulor da burom da iyod, ana ce musu alojen wato masu haifar gishiri. Kulor kin san shi, shine warin nan na ruwan jabel da ake wanki da shi, iyod kuma shine ake ƙarawa a gishiri saboda maƙoƙo. Su halinsu kishiyar na gidan kanwa ne, saura elektoron ɗaya ɓawonsu na waje ya cika don haka kullum nema suke. To ɓawon farko na atom guda 2 kawai yake ɗauka, idirojen yana da 1, kinga ashe shi ma saura ɗaya ya cika! Abu guda ne amma in kin kalle shi ta nan mai ɗaya ne zai bayar, in kin kalle shi ta can mai neman ɗaya ne. Kuma kamar ba ta tsaya nan ba. Idirojen iska ne kamar fuliyor da kulor, yana yawo bibbiyu H2 kamar F2 da Cl2, ƙarfin raba shi da elektoron ɗinshi 1312 ya yi kusa ƙwarai da na kulor 1251. Har ma yana haɗuwa da sodiyom ya karɓi elektoron daga hannunshi su ba da NaH, wani farin abu da tsarin ƙwayoyinshi irin na gishirin ci ne sak, idirojen ya zauna daidai inda kulor ke zama. Tun a 1865 John Newlands na Ingila ya jera idirojen tare da fuliyor da kulor a nashi tsarin, a zamaninmu kuma akwai wani masani Eric Scerri da ya kawo hujja da lambobi, ya ce ki haɗa 1 na idirojen da 17 na kulor ki raba biyu sai ki samu 9, lambar fuliyor ke nan, kuma irin wannan daidaito ana samunshi a gidaje da yawa na tablon.

Hujja ce mai kyau, na daɗe ina juya ta, amma ni ba ta ɗauke ni ba. Ƴan layi na 17 kwaɗayin elektoron gare su na gaske. In kulor ya samu ɗaya yana sakin ƙarfi kilojul 349 a mol, idirojen 73 kacal. A ma'aunin Pauling da ake auna ƙarfin jan elektoron fuliyor 3.98 ne, kulor 3.16, idirojen 2.20. Wato yana karɓa ne kawai in ya gamu da mai sakin hannu sosai irin sodiyom ɗin da ke 0.93, in kuwa ya gamu da kulor ko oksijen su ke janye nashi. Kuma NaH ɗin nan da ya yi kama da gishiri, ki zuba gishiri a ruwa narkewa zai yi lafiya lau, shi kuwa in ya ji ruwa tafasa yake yana fidda iskar idirojen har ya iya kamawa da wuta. A rayuwarmu ta yau da kullum, a ruwa da abinci da jikinmu, ba za ki tarar da idirojen yana aikin kulor ba.

Akwai ma masu kai shi gida na uku, layi na 14 bisa kan karbon, wani masani a Amurka Marshall Cronyn ya rubuta haka a 2003. Hujjarsu ɓawonshi rabi ne a cike, 1 cikin 2, kamar yadda na karbon yake 4 cikin 8, kuma ƙarfin jansu ya yi kusa, 2.20 da 2.55. Gaskiya ne suna shiri sosai, gaz ɗin butan da ake girki da shi da esans da man gyaɗarmu duk galibinsu karbon ne da idirojen riƙe da hannun juna. Amma karbon hannu huɗu gare shi, idirojen ɗaya. Wannan ba zan daɗe a kanta ba.

Shi kanshi Mandeliyef mai tablon bai tsaya wuri ɗaya ba. A tsarinshi na farko na 1869 idirojen yana jeri ɗaya da tagulla da azurfa da zaiba, sai a na 1871 ya dawo da shi saman rukunin farko. Wanda yayanki ya nuna miki kuma, mai idirojen shi kaɗai a tsakiya, irin shawarar da masana biyu Herbert Kaesz da Peter Atkins suka bayar ce a 2003, suka ce tunda bai dace da kowane gida ba a ɗaga shi sama ya zauna shi kaɗai, kuma littattafai da dama suna buga shi haka. Ƙungiyar duniya da ke kula da sunaye da ƙa'idojin wannan fanni, IUPAC, a nata tablon yana nan saman layi na 1, shi ya sa kika gan shi can a littafinku.

Amma ga inda nake so ki buɗe ido sosai, don nan ne gindin maganar. Ki duba maƙwabcinshi mai lamba 2, eliyom, iskar da ake hura balan-balan da ita ta tashi sama. Elektoron 2 gare shi a waje, daidai da magneziyom da kalsiyom na layi na 2. Da ƙidayar elektoron ake bi tsantsa da can za a kai shi, kuma akwai tsarin da ya yi hakan, na wani Bafaranshe Charles Janet tun 1928. Amma a tablonku an tsallake da shi har layi na 18 wajen neyon da argon, saboda halinshi nasu ne, ba ya haɗuwa da kowa kamar yadda ba sa yi. Kinga abin? An auna eliyom da hali, an auna idirojen da ƙidaya. Tiya biyu aka yi awo da su a kasuwa ɗaya. Ni a ganina dalilin shine eliyom ya samu gidan da ya karɓe shi ɗari bisa ɗari, shi kuwa idirojen duk gidan da aka kai shi sai a ga rabin halinshi ya shiga rabi ya rage a waje, sai aka koma ga abin da ba a gardama a kai wato elektoron ɗinshi ɗaya. Sinadaran halittar Allah ne kuma halinsu ba ya canzawa, amma tablon mutane ne suka zana shi don ya taimaka musu, kuma zane mai layi-layi ba dole ya ɗauki kowane abu daidai ba.

Wataƙila wani ya ce miki ai idirojen yana zama ƙarfe. E, yana zama, amma ba a nan ba. Tun 1935 masana biyu Wigner da Huntington suka yi hasashen cewa in aka matse shi matsa mai tsanani zai koma ƙarfe, a 1996 kuma a ɗakin bincike na Livermore a Amurka aka matse ruwanshi da nauyin da ya kai na iskar duniya sau miliyan 1.4 ya ɗauki lantarki kamar ƙarfe na ɗan ƙiftawar ido, kuma masana sun tafi a kan cewa cikin duniyar Mushtari cike yake da irin wannan. Sai dai wannan ba ta mai da shi ɗan gidan kanwa, don oksijen da iyod su ma in aka matse su sosai suna komawa ƙarfe kuma ba wanda ya ce a sauya musu gida.

Maganar ƙawarki ta agola kuwa, ki gaishe ta, ta yi tunani, amma ban yarda da ita ba. Agola daga baya yake zuwa gidan da ya tarar a gine. Idirojen kuwa shi ya riga kowa. A cikin kowane atom 100 da ke sararin samaniya kusan 90 idirojen ne, ranar nan da ke ƙona mu a watan Afirilu idirojen take haɗawa yana komawa eliyom, daga nan ne zafinta da haskenta ke fitowa, kuma cikin ikon Allah a cikin taurari ne aka ƙera karbon da oksijen da ƙarfe daga wannan mafarin. A jikinki ma, cikin atom 10 wajen 6 nashi ne. In dai za a ba shi matsayi a dangi to kaka ne, wanda jikoki suka watsu gida-gida kowane gida ya ɗauko wani abu na kamanninshi.

Ga abin da za ki rubuta a jarabawa, kuma ki riƙe shi har bak. Idirojen lamba 1, layin kwance na 1, layin tsaye na 1, ba ƙarfe ba ne kuma ba ya cikin alkalen wato ƙarafan gidan kanwa. In aka ce ki lissafo ƙarafan layin farko ki fara daga litiyom, sai sodiyom, potasiyom, rubidiyom, seziyom, faransiyom, su 6. Ni da za a tambaye ni sai in ce a bar shi inda yake amma a ba ɗakinshi launi daban ko a bar ɗan fili tsakaninshi da litiyom, don yaro ya gani da idonshi tun ranar farko, da an yi haka a littafinku da makinki bai tafi ba. Ki koma wajen mushenku cikin ladabi ki nuna mishi wannan shafin ku tattauna, ki kuma tambaye shi batun eliyom, ina kyautata zaton zai ji daɗi ƙwarai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni sana'ata cajin batir ce ta mota da ta sola, ina da ɗan shago kusa da tasha. Kwanaki wani batir ya fashe mana yana kan caji lokacin da wani yaro ya cire waya, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo sai rigata da ruwan ya cinye. Wani direba ya ce wai iskar idirojen ce. Daga ina ta shiga batir alhali ruwa ne a ciki?

AMSA: Barka kadai ɗan uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Direban nan ya faɗi gaskiya, kuma ba shiga ta yi ba, daga ruwan ta fito. Sunan idirojen ma abin da yake nufi ke nan, mai haifar ruwa, Lavoisier na Faransa ya raɗa mata shi bayan Henry Cavendish ya gano ta a 1766 ya kuma lura in ta ƙone ruwa take bari. Ruwan batir asid ne gauraye da ruwa, in batir ya cika aka bar shi a kan caji wutar da ta yi saura sai ta koma tana fasa ruwan gida biyu, idirojen da oksijen, su ne kumfar nan da kake gani yana tsattsafowa kamar tafasa. Ba ka ganinta ba ka jin warinta, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri ɗan tartsatsi ya ishe ta, wanda ya fito lokacin da yaron ya cire waya shi ya tada ta. A Mali ma a ƙauyen Burakebugu haka ta faru a 1987, ana haƙar rijiyar burtsatse aka faɗa kan idirojen a ƙarƙashin ƙasa, taba sigari ce ta tada wutar, daga baya aka dawo aka sa inji ƙauyen ya samu lantarki da ita.

Don haka ka riƙa kashe caja tukun kafin a cire ko a maƙala waya, kada a sha taba ko a yi walda kusa, batir mai marfi a sassauta marafan lokacin caji, kuma da ya cika a sauke shi. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi wajen sau 14, sama take yi ta taru ƙarƙashin kwano, to ka buɗe mata kafa a can sama kusa da rufi ba ƙofa kaɗai ba. In ruwa ya ragu a batir ruwan da aka tace na batir za ka ƙara ba asid ba. In kuma ruwan ya fantsama a idon wani a yi ta kwarara mishi ruwa mai tsabta na kamar minti 15 ko fiye sannan a wuce da shi likita nan take.